Yadda Na Mayar da Keken Malam Haruna Jaki

Ku samarin da kuke zuwa aron famfo rumfata kuna cewa gyaran keke ba sana'a ba ce, faci ne kawai da ba taya iska, ku gyara zama. Na haura shekara arba'in a gindin darbejiyar nan ta Gumel, hannuna bai taɓa rabuwa da baƙin mai ba, amma akwai keke ɗaya da ya zaunar da ni ya nuna mini ban san komai ba. Har yau in na tuna shi sai in ji kaina ya ɗaure.

Kayan aikina ba su da yawa, ga su nan kuna gani: sifanu, filaya, guduma, ɗan makullin ɗaure sifok, kwanon ruwa na neman faci, sholisho, giris a gwangwanin madara, sai famfo. Rabinsu na maigidana ne, marigayi Malam Ilu, wanda ya koya mini aikin. Shekarata ta farko a wurinsa bai bar ni na taɓa komai ba sai kwanon ruwa da famfo. In na ba taya iska sai ya zo ya ɗalle ta da yatsa. In ta yi ƙara, ya wuce. In ba ta yi ba, yatsan nan a kaina zai sauka. Abu biyu ya dasa mini. Na farko, taya ta yi tauri kamar dutse. Na biyu, duk wanda ya kawo keke, kada ka tambaye shi wa zai hau, ka tambaye shi me zai ɗauka. A wurin Malam Ilu keke jaki ne da ba ya cin dusa, kuma a haka na tashi.

Akwai wani manomi daga Sule Tankarkar da ya taɓa zuwa mini da keke a ka, wilin baya ya lanƙwashe ya koma kamar faifan da aka taka. Buhu biyu na riɗi ya ɗora masa. Na kwance wilin gaba ɗaya, na miƙe shi a kan turmi da guduma, na zuba masa sifok masu kauri, wato wayoyin nan da ke riƙe da wili, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗaurewa ina juyawa har ya daina rawa. Wuni guda na yi a kansa. Bayan nan buhu uku yake ɗora masa, kuma duk inda ya zauna sai ya ce Usman na Gumel ne ya yi. Irin wannan aikin ne ya yi mini suna.

Sai shekarar da babura suka yi araha. Wannan ita ce muguwar shekararmu. Kowa ya jingine kekensa a bayan rumbu, kaji suna kwana a kai. Mu bakwai ne a layin nan, biyar suka koma gyaran babur, ɗaya ya tafi Maigatari dakon kaya. Ni na zauna, ba don jarumta ba, don ban iya komai ba sai wannan. Akwai ranakun da tun safe har la'asar ba na taɓa ko noti ɗaya, sai dai in yi ta goge sifanu. Da mai ya yi tsada kuma, sai ga kekuna sun dawo, amma ba irin waɗanda na sani ba. 'Yan gwanjo ne, masu ƙatuwar taya mai ƙuraje, da giya, wato haƙoran canjin gudu, barkatai a baya, da wayoyi ta ko'ina, gabansu kuma yana lotsawa in ka danna.

Na farkon da aka kawo mini na wani mai sayar da ruwa ne. Sarƙa tana ta zamewa, gaba yana noƙewa duk lokacin da ya rataya jarka. Na dube shi, na ga keke ne mai ƙashi mai kyau amma an cika shi da tarkace. Na cire abin canjin giyar, na rage sarƙa na ɗora ta a haƙori ɗaya. Na kai wa Ɗanjuma mai walda, maƙwabcina, ya ƙone gaban ya daina lotsawa, ya kuma haɗa masa kariya ta rodi a baya don ɗora kaya. Na sauya tayoyin da sirara masu santsi, na ba su iska har suka yi ƙara. Mai ruwa ya ɗora jarka shida ya tafi yana sa mini albarka. Daga nan kowa ya samu. Duk wanda ya sayi irin keken a kasuwa, wurina yake fara zuwa in sauke masa tarkace. Tarkacen kuwa ina zuba su a buhu, ban san amfaninsu ba, ban kuma iya zubar da ƙarfe ba.

To, ana nan sai ga Malam Haruna. Tsohon hedimasta ne, ya yi ritaya, rabin manyan garin nan shi ya koya musu karatu, ni ma 'ya'yana uku sun bi ta hannunsa. Ya girme ni da kaɗan. Ciwon suga ya kama shi, likita ya ce lallai ya riƙa motsa jiki, tafiyar ƙasa kuma gwiwarsa ba ta yarda. Sai 'yarsa da ke aure a Kano ta aiko masa da keke, irin na gwanjon nan, amma ban taɓa ganin mai kyansa ba. Shuɗi ne, ko ƙwarzane babu. Ya turo shi har rumfata da hantsi, muka gaisa, na goge masa benci.

"Malam Usman, so nake ka gyara mini shi ya yi daɗin hawa a daji."

"To, Malam. Me za a riƙa ɗauka?"

"Ba komai."

"Gona za a riƙa zuwa?"

"A'a."

"Ko ziyara ce, wajen 'yan'uwa a Gagarawa?"

"Wajen Gagarawa dai zan riƙa bi, ta burtali. Amma ba wurin kowa za ni ba. In na gaji in juyo."

Na san mai zuwa gona, na san mai zuwa kasuwa, na san mai zuwa gaisuwar mutuwa. Mutumin da zai hau keke ya shiga daji ba wurin kowa ba, ba ɗauko komai ba, ya gaji ya juyo, ban taɓa jin irinsa ba. Na so in sake tambaya, amma wa zai tsare hedimasta da tambayoyi kamar ɗan sanda? Sai na ce a raina, dattijo ne mai rufin asiri, wataƙila ya sayi gona a can ba ya so a sani. In kuwa gona ce, wata rana za a ɗauko wake. Na gyaɗa kai na ce, "An gama, Malam. Jibi a zo a ɗauka."

Ban taɓa yi wa keke aiki da zuciya ɗaya kamar wannan ba. Na sauke giyar, na ɗora sarƙa a ƙaramin haƙori don ya yi gudu. Na tsaya a kan Ɗanjuma har ya ƙone gaban ta ɓangare biyu, ya goge waldar ta yi sumul. Kariyar da muka yi masa ko ɗan maraƙi za ta ɗauka, na shafa mata shuɗin fenti don ta dace da jikin. Na sa masa sababbin tayoyi sirara, na cire siririn sirdin nan da ya zo da shi na sa faffaɗa mai sifirin. Na ƙara masa ƙararrawa kyauta. Da na gama sai na jingine shi a gaban rumfa don masu wucewa su gani.

Malam ya zo ranar da muka yi. Ya tsaya ya daɗe yana kallon keken. Ya danna gaban, bai lotsa ba. Ya leƙa baya, ya shafa inda giyar take a da. Ya dube ni, ina ta murmushi ina goge hannu da tsumma. Sai ya ce, "Sannu da aiki, Malam Usman. Lallai an sha wahala." Ya tura kekensa ya tafi. Ni kuma na ɗauka daɗi ne ya hana shi magana. Shi ya ji nauyin ya ce wa mai furfura ya ɓata masa abu a gaban mutane, ni na ji nauyin in tambaye shi abin da yake nufi tun farko. Haka muka rabu kowa yana girmama kowa.

Kwana huɗu aka yi, sai labari ya zo cewa an kawo Malam Haruna a amalanken shanu. Wasu Fulani ne suka tsince shi a burtali, can wajen Gagarawa. Ya zo gangaren wani tudun rairayi, tayar gaba ta nutse ta tsaya cak, shi kuma ya wuce ta saman kan keken ya sauka a kafaɗa. Kafaɗar ta goce, sai da aka kira mai ɗori. Da na je dubiya na tarar da zauren cike, ga keken a jingine a lungu, ƙararrawar ta karkace. Kowa ya shigo sai ya harare shi ya ce, ai irin kekunan nan na Turawa ba a yi su don ƙasarmu ba. Na zauna a bakin tabarma ina amsa "Haka ne" a hankali.

Da mutane suka ragu, Malam ya ce in matso. Bai ce mini komai game da faɗuwar ba. Ya ciro waya da hannun hagu ya nuna mini wani hoto mai motsi da 'yarsa ta turo masa. Wasu mutane ne a kan irin keken nan, suna bin wata siririyar hanya a cikin itatuwa, suna hawa tudu suna gangarowa, gaban keken yana lotsawa yana tashi yana shanye duk wani rami. A wajen hawa sai ka ga ƙafarsu tana juyawa da sauri, keken yana tafiya a hankali ba tare da sun yi nishi ba. Babu mai kariya ko ɗaya a cikinsu. Na kalla har ya ƙare, na ce a sake sa mini.

"Malam, su waɗannan ina za su?"

"Babu inda za su."

"Biyansu ake yi?"

Ya yi dariya har kafaɗar ta amsa, ya cije leɓe. "Daɗi suke ji, Malam Usman. Ni ma kwana biyun da na hau shi kafin in kawo maka, na ji abin da rabona da shi tun ina yaro. Sirdi ne kawai yake cin mini jiki, kan keken kuma ya yi mini ƙasa."

Sirdi da kai. Aikin rabin sa'a. Na fito daga gidan nan ban san ta wace hanya na koma rumfa ba.

Washegari babban ɗansa, Alhaji Nasiru, ya tsayar da mota a gaban rumfata. Ɗan kasuwa ne, yana harkar hatsi a Maigatari, kuma yaro ne mai ladabi, don har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce, "Baba Usman, alfarma na zo nema. Tsohon nan ya ce da ya warke zai koma kan keken. Mun yi magana, ƙannena sun yi, ya ƙi ji. Mutane suna ta yi da mu, wai muna da mota mun bar ubanmu yana yawo a daji kamar wanda ya zautu. Yanzu ga shi har ya goce a kafaɗa. Amma ya ce in kai ka ce keken ba shi da lafiya, ya haƙura. Don Allah ka zo ka faɗa masa a gabanmu cewa keken banza ne, ba ya gyaruwa."

Kun ga inda aka sa ni. Duk garin sun riga sun yanke wa keken hukunci. Mutum uku ne kawai suka san gaskiya: ni, da Ɗanjuma, da Malam, shi kuwa na san ko za a yanka shi ba zai faɗa ba. In na ce keken banza ne, sunana ya tsira, Alhaji ya ji daɗi, Malam kuma ya koma kan tabarma da ciwonsa. In na ce lafiyarsa ƙalau, dole a tambaye ni to me ya kayar da shi. Sai na ce a kawo mini keken in duba shi tukuna, a ba ni mako biyu.

Na zazzage buhun tarkacen nan a ƙasa. Na gane na Malam don sun fi sauran ƙyalli: abin canjin giya, da wayoyinsa, da 'yan maɓallan da ake dannawa a kai, da tayoyinsa masu ƙuraje. Na jera su a kan buhu na zauna ina kallo. A lokacin ne na tuna cewa na cire irin wannan abu ya fi a ƙirga, amma ban taɓa mayar da ko ɗaya ba. Ɗanjuma ya leƙo ya ce, "Sarkin keke, yau kuma gwanjo aka buɗe?" Na ce ya zo ya kwance waldar da ya yi. Ya duba ya girgiza kai. Ya ce wuta ta riga ta cinye robobin ciki, ta kashe sifirin, ko ya yanke ba abin da zai lotsa. Kariya kawai ya iya cire mini, muka goge wurin.

Ranar kasuwa na hau mota zuwa Maigatari da mataccen gaban a hannu. Na zaga har na samu wani mutumin Damagaram da ke sayar da kayan kekunan gwanjo a ƙasa. Ya karɓa ya juya shi, ya ga waldar, ya ce, "Kai! Wane mugun ne ya yi wannan?" Na ce wani ne a garinmu. Ya ce Allah ya shirye shi, na ce amin. Ya tono mini wani gaban mai rai, ya nuna mini wani ɗan abin murɗawa a samansa. In ka juya shi nan ya yi tauri, in ka juya can ya yi laushi. Ashe abin da nake kai wa Ɗanjuma ya ƙone da wuta, a wasu kekunan da yatsa biyu ake yinsa.

A wurin mai shayi kuma na haɗu da wani tsohon direba da ya yi shekaru yana shiga hamada can arewa da babbar mota. Na ba shi labarin faɗuwar, ban ce ni ne sila ba. Ya tambaye ni, "Iska nawa ke cikin tayar?" Na ce cike take, har tana ƙara. Ya ajiye kofinsa ya ce, "To ai shi ya sa. Mu in za mu shiga rairayi sauka muke mu rage iska. Taya mai tauri yanka ƙasa take ta nutse. Mai laushi ita ke baje ƙafa ta bi ta sama, ba ka ga ƙafar raƙumi ba?" Na ce to ƙaya fa? Ya ce wannan kuma ni ne mai gyaran keke, ba shi ba. Na dawo Gumel a mota ina ta jujjuya maganar. Malam Ilu ya yi ƙarya ke nan? Bai yi ba, don na ga aikinsa da idona shekara da shekaru. Direban ma bai yi kama da maƙaryaci ba. Na kasa haɗa su wuri ɗaya.

Giyar nan ta ci mini kwana uku. Akwai wasu ƙananan kusoshi biyu a jikinta. In na ɗaure ɗaya sarƙa ta ƙi hawa sama, in na sassauta ta wuce ta faɗa cikin sifok. In na gyara sama ƙasa ta ɓaci. Na rataye keken a reshen darbejiya ina juya feda da hannu ina dannawa, masu wucewa suna tsayawa kallo. Wani ya ce ko Baba Usman ya fara koyon aiki ne. Na yi kamar ban ji ba, alhali gaskiya ya faɗa. Sai a rana ta uku na gane cewa kusoshin iyaka kawai suke yi wa sarƙa, jan wayar shi ke hawa da ita. Da na ji ta bi haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya, ƙat, ƙat, ƙat, ba ta zame ba, sai da na zauna a ƙasa. Na ɗaga kan keken yadda Malam ba zai sunkuya ba, na bar masa faffaɗan sirdin, don shi kaɗai ne abin kirkin da na yi tun farko. Na gyara birki. Maganar ƙaya kuwa, na yanka tsohon tub na shimfiɗa shi a cikin kowace taya kafin in sa sabo, yadda tsidau zai sha wuya kafin ya kai ciki. Sannan na ba su iska, na danna bawul na rage, ina ji kamar ina yin sata.

Ban yarda in mayar da shi ban gwada ba. Bayan sallar asuba, da gari ya yi haske, na naɗe ƙafar wando na kama burtalin da Malam ya bi. Da na shiga rairayi na ƙanƙame kai ina jiran faɗuwa, sai na ji keken yana tafiya a sama. Na danna giya, feda ta yi sauƙi har na ɗauka sarƙa ce ta tsinke, amma ga ni ina hawa tudu. Ban yi nisa ba wani manomi ya ɗago daga cikin gero ya ce, "Baba, lafiya? Me ya ɓata?" Na ce ba komai. Na gaba ya ce in akuya ce ja, ya ga wata ta yi gabas. Wani Bafulatani har ya bar shanunsa ya biyo ni yana tambayar kamannin dabbar. Ban ga laifinsu ba, ni ma in na ga dattijo yana zaga daji da sassafe ba kaya ba lauje, cigiya zan ce yake yi. Na isa gangaren da Malam ya faɗi, na rufe ido rabi na saki birki. Gaban ya lotsa ya tashi, na wuce lafiya. Abin da ban faɗa wa kowa ba sai yau shi ne, na tura keken na koma saman tudun na sake gangarowa, har sau uku. Kada ku tambaye ni dalili, ban sani ba.

Ranar da aka sa, na tura keken zuwa gidan Malam da hantsi. Kafaɗar ta yi sauƙi, an kwance ɗorin. Alhaji Nasiru yana nan da ƙannensa biyu, ga kuma dattawan unguwa da ke zaman zauren, har da limamin masallacinmu. Duk hanya ina shirya maganar da za ta fitar da ni ba tare da na yi ƙarya ba, ba kuma tare da na tona kaina ba, amma ban samo ta ba. Bayan gaisuwa Alhaji ya ce, "To Baba Usman, ga Malam, ga mu. Ka duba keken. Mene ne gaskiyarsa?" Ya kafe ni da ido. Malam kuwa ya sunkuyar da kai yana jan carbi, ko kallona bai yi ba, don kada in ji ya matsa mini.

Na ce, "Alhaji, keken nan lafiyarsa ƙalau ya zo garin nan. Ni na ɓata shi. Malam ya ce in gyara masa na hawa daji, ban gane ba, na ji kunyar tambaya, na mayar masa da shi na dakon jarka. Tayar da na sa da iskar da na ba ta su suka kayar da shi. Ya gani tun ranar, ya rufa mini asiri. Yanzu na mayar da komai, na kuma hau shi da kaina har inda ya faɗi."

Wani dattijo ya ce, "Kai, Usman? Kai da kanka?" Na ce ni da kaina. Kunya ta rufe ni har na ji kunnuwana suna zafi, don na san kafin azahar maganar ta kai bakin kasuwa, kuma ta kai ɗin. Fuskar Alhaji ta canza. Ya yi magana a hankali, amma kowa ya ji.

"Baba Usman, ba haka muka yi da kai ba. To in ya sake faɗuwa fa?"

"In ya sake faɗuwa ta dalilin keken nan, kada ka nemi kowa. Ka zo rumfata."

Malam ya ajiye carbi ya miƙe. Ba ya kiran sunan Alhaji, ɗan fari ne, sai ya ce, "Kai, matsa mini." Ya kama keken ya danna gaban, ya lotsa ya dawo. Ya matsa tayar da babban yatsa, ta shiga. Bai ce sannu da aiki ba wannan karon. Ya tattare rigarsa ya fita da shi, muna tsaye a ƙofar zaure ya hau ya miƙe hanyar burtali, bai waiwayo ba.

Na koma rumfa na kasa aiki. Mutum biyu suka kawo faci na ce su dawo da yamma. Na ja benci na fuskanci hanyar, duk amalanken da ya ɓullo sai in miƙe in leƙa cikinsa. Alhaji ya zo ya tsayar da motarsa a tsallaken titi, bai fito ba, bai gaishe ni ba, shi ma hanyar yake kallo. Ɗanjuma ya kawo mini ruwa na kasa sha. Aka kira azahar, ban taɓa jin kiran salla ya zo da wuri haka ba, ga shi babu Malam babu labarinsa.

Ina ɗaure takalmi in bi sawunsa sai na hango shuɗin abu yana tahowa a hankali. Ya iso ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, hula a karkace, ƙafar wandonsa cike da ƙarangiya, yana haki. Na kama kan keken da hannu biyu. Na ce, "Malam, lafiya? Ina ka tsaya?"

"Ban tsaya ba," in ji shi. "Gobe kafin in fita, ka ƙara rage mini iskar ta baya."